Lambar Modibbo Hamadu

Ƙanena Alhaji Hashim, mai sayar da siminti da kwanon rufi a babbar kasuwar Garwa, ba ya yin abu da kansa muddin akwai wanda zai aika. Ni na goye shi, don haka ina da bakin magana. Ragon layyarsa wani ke zaɓa, wani ke yankawa. Dubiyar mara lafiya direbansa Jules ke zuwa, ya dawo ya ba shi labarin yadda jikin yake, shi kuma ya girgiza kai daga kan kujera ya ce Allah Ya sawwaƙe. Ko awon riga ba ya zuwa. Tsohuwar riga yake aika wa tela, shi ya sa kullum kayansa ke matse shi, don rigar awon ta girmi tumbin.

Matarsa Mairamu, 'yar Bibemi, ta haɗiye wannan hali sama da shekara ashirin. Mace ce marar hayaniya, in ta yi fushi sai dai ka ga ta ƙara share tsakar gida. Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu na unguwar Hausare, da ita nake hira, da ita nake cin tuwo, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba cewa na fi son ta a kan ƙanen nawa.

Da mahaifiyarta ta rasu, Hashim ya sa aka loda buhunan shinkafa da sukari, ya ce Jules ya kai ta, shi yana nan tafe da zarar an sauke motocin siminti. Aka yi jana'iza, Jules ne a wurin. Sadakar uku Jules, ta bakwai Jules, ta arba'in ma Jules. Har wata tsohuwa da idonta ya yi rauni ta kama hannunsa tana sa masa albarka, wai Allah Ya bar shi da Mairamu, surukin kirki. Jules kuwa Kirista ne ɗan Kaele, yana da matarsa da 'ya'yansa. Sai ya ce amin.

Bayan arba'in mota ta dawo babu Mairamu, sai saƙo a bakin Jules. Ta ce a gaya wa Alhaji ya zo da ƙafarsa, ya zauna a kan tabarmar yayyenta ya yi musu gaisuwa kamar kowane suruki. In ya yi haka, a motarsa za ta dawo. In kuwa ruwan farko ya sauka bai zo ba, za ta shuka gonar uwarta, kuma in ta zuba iri a ƙasa ta zauna ke nan.

Daga Garwa zuwa Bibemi ba wata tafiya ba ce. In ka fita bayan karin kumallo ka bi ta Pitowa, a can za ka yi azahar har ka huta kafin a kira.

Kada kuma a ce ba ya son ta. Yana son ta. Na sha kama shi tsaye a ƙofar ɗakinta yana kallon kwaɗon da ta kulle da shi, abinci kuma ya daina shigar masa, har rigunan nan suka fara yi masa daidai. Amma a ce Alhaji Hashim ya cire takalmi ya durƙusa gaban manoman gyaɗa ya ce ya yi kuskure, wannan ne ya tsaya masa a wuya. Ya aika limamin unguwa, aka karɓe shi da fura aka sallame shi. Ya aika manyan 'yan kasuwa, su ma haka. Da ya juyo kaina, na ce masa ba ni na aure ta ba.

A nan ne wani ya ba shi labarin wani malami, Modibbo Hamadu na unguwar Lopere, wanda aka ce aikinsa bai taɓa faɗuwa ba. Bai je ba, mota ya aika. Modibbo ya iso da rawani fari tas, da waya biyu, da allo a cikin jakar fata. Ina falon lokacin, don ni ba a korata daga falon ubana. Ya saurari matsalar idonsa a lumshe, ya ce ƙaramin aiki ne, zuciyar mace a hannun Allah take, karkato da ita kawai za a roƙa. Ya zana gidaje goma sha tara a allo, ya yi ta ƙus-ƙus yana cika su da lambobi, sannan ya haɗa jimla a ƙasa ya juyo mana da allon.

"Ya Wadudu za a ja," in ji shi, "ƙafa dubu ɗari biyar da ashirin da huɗu da ɗari biyu da tamanin da bakwai."

Hashim ya sa Jules ya rubuta a waya, 524,287. Tambayar farko da ta fito daga bakinsa ita ce ko dole shi zai ja.

"Ko kusa, Alhaji," in ji Modibbo. "Ka ɗauki mutane ko nawa kake so. Sharaɗi ɗaya ne. Kowa ya ɗauki rabo daidai da na ɗan'uwansa, kada wani ya fi wani ko da ƙwaya ɗaya, kada kuma a bar saura. In ya rage ko ɗaya, aiki ya karye. Kuma ba a fara ja sai rabo ya fita."

Hashim ya yi ajiyar zuciya. A ganinsa an gama, tunda abin ya koma na ɗaukar ma'aikata.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, aka kawo mutum goma, 'yan dako da masu gadin sito, aka raba musu sabon carbi. Jules ya danna kalkuleta, ya ce bakwai sun rage. Aka ƙaro mutum biyu, bakwai suka rage. Aka kai su ashirin, aka kai su arba'in, bakwai ɗin nan suna nan daram. Tunda ba a fara ja sai rabo ya fita, mutanen ba su da aikin yi sai cin abinci, kuma sun yi shi tsakaninsu da Allah. Ni ce mai tsayawa a kan tukwane, na san abin da nake faɗa. Rabona da ganin shinkafa ta ƙare da sauri haka tun bikin 'yar autarmu.

Da aka ga yawa bai yi ba, aka koma ragewa. Aka bar mutum bakwai. Jules ya danna, ya ɗago kai da fara'a.

"Alaji, ɗaya kawai ya rage."

"Ɗaya ai ba komai ba ne," in ji Hashim. "A ba babbansu ya ƙara."

Modibbo, wanda yanzu kullum mota ke ɗauko shi daidai lokacin abincin rana, ya girgiza kai a hankali. Sharaɗi sharaɗi ne. Aka gwada mutum tara, ɗaya ya rage. Goma sha tara, ɗaya. Ashirin da ɗaya, ɗaya. Har mutanen rumfa suka fara amsawa tare kafin Jules ya buɗe baki.

Rannan haƙurina ya ƙare, na leƙo daga zaure na ce, "Hashimu, ɗayan nan kai ka faɗe shi mana. Bakinka ciwo yake?"

Ya daburce, ya dubi Modibbo. Modibbo ya ce in Alhaji ya shiga ya zama ɗaya daga cikin masu ja, sai ya ɗauki rabo daidai da kowa. Su bakwai ne, da shi takwas. Jules ya danna takwas, bakwai suka rage. Ban taɓa ganin mutumin da ya ji daɗin lalacewar aikinsa ba kamar ƙanena a wannan rana.

Ana cikin haka zafi ya tsananta, Binuwai ta janye ta bar rairayi, da yamma kuma sai ka hango gajimare ya taru ta gabas ya watse. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da ke tafe. Hashim bai taɓa riƙewa ba, amma shi ma ya fara duban sama.

Jules ne ya kawo shawarar Madam Pascaline. Tana haya a gidan Hashim na bayan layi, tana koyar da lissafi a lise, wato sakandare, mutuniyar duwatsun Mora ce. Ƙawata ce, a wurina take sayen atamfa. Mace ce mai hankali a kan komai, sai dai in ta ga lamba hankalin yakan tafi yawo. Na taɓa ganin ta tsaya a tsakiyar titi tana murmushi ga lambar wata motar gawayi. Aka ba ta lambar, ta ce a ba ta zuwa gobe. Da la'asar ɗin washegari ta shigo falo da alli a yatsunta, fuskarta na sheƙi kamar wadda aka yi wa albishir ɗin haihuwa.

"Alaji, ina ka samo wannan? Mais elle est magnifique."

"Madam, mutum nawa zan ɗauka?"

"Ka bari in gaya maka ko wace ce tukuna." Ta zauna a bakin kujera. "Lambobi dangi-dangi ne. Akwai masu rabuwa biyu, akwai marasa rabuwa biyu. Taka tana cikin na biyun, tunda da bakwai ta ƙare. Akwai kuma masu sauƙin kai, irin goma sha biyu, mutum biyu su raba, uku su raba, huɗu su raba, shida su raba, kowa ya tashi lafiya. Sannan akwai waɗanda muke kira nombre premier. Su babu mai raba su sai ɗaya, sai kuma su kansu. Taka premier ce."

"Kin gwada duka?"

"Na gwada duk abin da ya kamata, har ɗari bakwai da 'yan kai. Bayan nan ba sai an gwada ba, don in da tana da babban mai raba ta, da tana da ƙarami, da na kama shi. Ko duk Hausare ka tara a rumfar nan, Alaji, sai an samu saura."

Na saci kallon Modibbo. Yana shafa gemu yana kallon fanka.

"Kuma ko a cikin premier ɗin ba talaka ba ce," Madam ta ci gaba, ba wanda ya tambaye ta. "Ka ɗauki ɗaya ka yi ta ninkawa, biyu, huɗu, takwas, har sau goma sha tara, ka cire ɗaya, ita ce. Irinsu kaɗan ne a duniya, ana nemansu da manyan injuna. In ka rubuta ta da harshen ordinateur, wato kwamfuta, ɗaya ce sau goma sha tara a jere, babu sifili ko guda. Abin da ya fi ba ni sha'awa, ka cire mata ɗaya kawai, sai ta saki jiki. Biyu ya raba ta, uku ya raba, bakwai, goma sha tara, har saba'in da uku. Ɗayan nan ne ya kulle ta."

"Goma sha tara," in ji Modibbo, ya ɗaga yatsa. "Haruffan Bismillah. Kun ji ko? Har masu boko sun shaida."

Ban ce Modibbo ya san wani abu wai shi premier ba. Abin da ya sani ya fi wannan amfani. Shekara da shekaru yana ba mutane lambar nan, mai neman haihuwa ita, mai neman kujera ita, mai shari'ar fili ita, kuma ba a taɓa samun wanda ya raba ta ba, balle ya ja ya dawo ya ce aiki bai ci ba. Haka aikinsa ya zama bai taɓa faɗuwa ba, tunda ba a taɓa fara shi ba.

"To yanzu mene ne abin yi?" in ji Hashim.

"Hanya biyu ce," in ji Madam. "Ko mutum ɗaya ya ja duka shi kaɗai. Ko a samu mutum dubu ɗari biyar da ashirin da huɗu da ɗari biyu da tamanin da bakwai, kowa ya faɗa sau ɗaya."

"Akwai ta uku," na ce. "Ta Pitowa take bi, kuma an gyara ta bara."

Ya yi kamar bai ji ni ba. Ya tambayi Modibbo ko mutum ɗayan zai iya zama ɗan haya. Modibbo, da ya hango ana shirin fara aikinsa karo na farko a tarihi, ya yi maza ya ce a'a, in dai mutum ɗaya ne to sai mai buƙata da kansa. Na ga ƙanena yana auna abin a ransa, ya zauna shi kaɗai da carbi makonni, ko ya zauna a tabarmar Bibemi rabin yini. Wallahi a wannan lokacin na sa rai. Na ga hannunsa ya kai kan makullin mota da ke bisa tebur.

Sai Madam Pascaline ta buɗe baki. Har gobe ina son ta, amma da na san abin da za ta ce da na cusa mata goro.

"Wani abin sha'awa kuma," ta ce, ta durƙusa ta fara zane da alli a kan simintin falo. Ta yi ɗan da'ira ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, huɗu a ƙarƙashin biyun. "In mutum ɗaya ya gaya wa biyu, kowannensu ya gaya wa biyu, haka har hawa goma sha tara, ka haɗa su duka da na farkon, lambarka ce cif. Ba ragi ba ƙari. C'est joli, ko?"

Hannun Hashim ya bar makullin mota ya koma kan waya.

"WhatsApp," ya ce a hankali.

"A'a, Alaji, don kyau na faɗa, ba don a yi ba. Mutane ba sa tura wa mutum biyu. Wani zai tura wa ɗari, wani ba zai tura ba, wani zai samu sau talatin. Ba mai iya ƙirgawa."

"Mala'iku za su ƙirga," in ji Modibbo. Ya riga ya gane cewa aikin da ba a iya ƙirgawa ya fi ma wanda ba a iya farawa.

Nan take aka shiga tsara saƙo. Modibbo ya ce dole kowa ya yi niyya kafin ya faɗa, niyya kuwa a irin wannan aiki ba ta ɗauruwa sai da sunan mace da sunan uwarta. Ya dubi Hashim yana jira. Shekara ashirin da ɗoriya yana auren 'yar matar nan, yana cin man shanun da take aiko masa, bai san sunanta ba. Ya dube ni, na mayar da idona kan fanka, nima na ga abin da Modibbo ke gani a jikinta.

"Sadiƙa ne, Alaji," in ji Jules da ƙaramar murya. "Na ji liman ya faɗa a wurin addu'a."

Na ce, "Hashimu, ka ji tsoron Allah. Mairamu kanta ba ta taɓa kama sunan nan a bakinta ba. Ko 'yar maƙwabta mai sunan, Inna take ce mata. Matar nan ko ciyawa ba ta fito a kabarinta ba, za ka watsa sunanta a wayoyin duniya?"

"Adda, addu'a ce fa. Wa ke ƙin addu'a?"

Madam ta yi ƙoƙarinta na ƙarshe. Ta ɗora yatsa a kan da'irar da ke can sama ita kaɗai, ta ce, "To ko ba komai, wannan kai ne, Alaji. Daga kai ake farawa. Kai za ka faɗa, kai za ka yi maganar."

"Jules ya fi ni murya," in ji shi. "Kuma yana jin Faransanci."

Haka Jules, bawan Allah, ya tsaya a tsakiyar falo yana gumi, ya ɗauki saƙo da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Alhaji Hashim mai siminti na Garwa yana roƙon duk wanda ya ji wannan ya ce Ya Wadudu sau ɗaya, da niyyar Allah Ya karkato da zuciyar matarsa Mairamu 'yar Sadiƙa ta dawo ɗakinta, sannan ya tura wa mutum biyu, kada ya wuce biyu. Aka tura wa mutum biyu. Aka sallami mutanen rumfa, suka tafi suna waiwayen tukwane.

Kafin Juma'a ta zagayo saƙon ya ƙetare Binuwai ya dawo. An ji shi a Marwa, an ji shi a Ngaundare, 'yan'uwanmu na Yola suka bugo suna tambaya ko lafiya. Ni kaina ya shigo wayata daga ƙungiyar matan unguwa, da ta masu atamfa, da wata mata da rabona da ita tun aikin Hajji. Wasu 'yan zamani suka sa masa kiɗa. In motar Hashim ta wuce, 'yan moto, masu acaɓa, sai su ɗaga hannu su ce, "Alaji, mun faɗi namu." A bakin famfo mata na tambayar juna ko 'yar Sadiƙa ta dawo. Sunan da aka rufa wa asiri shekara saba'in ya zama abin da ake tsokanar mai kifi da shi in ta ƙi ragi.

Shi kuwa gogan, daɗi yake ji. Kullum da yamma Jules ya karanto masa garuruwan da saƙo ya kai, yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin ciniki. Ya sa aka yi wa ƙofar ɗakin Mairamu sabon fenti, da kwaɗon a jiki. Madam Pascaline ta daina biyowa ta layinmu don kunya.

Ranar wata Talata da hantsi iska ta taso, sama ta yi baƙi, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Hashim ya tsaya a baranda yana kallo, ya ce wa Jules ya wanke mota ya zauna cikin shiri, don yau ko gobe za a bugo a ce a zo a ɗauke ta. Washegari na yafa mayafina na tafi tasha na shiga motar Bibemi. Ba aike na je ba, kewarta ce ta kai ni.

A gona na same ta, bayan gari, ita da matan yayyenta. Ƙasa ta jiƙu ta yi laushi. Ta ɗaura ɗan ƙoƙo a ƙugu, tana sara da sungumi, tana jefa iri, tana rufewa da diddige. Ta riga ta yi nisa. Da ta hango ni ta ajiye sungumin ta taho, muka rungume juna, na yi kukan da ban yi niyya ba. Ta rame, amma idonta a bushe yake. Muka zauna a gindin wata tsamiya ta ba ni ruwa.

"Kin ji saƙon," na ce.

"A kasuwa na fara ji, Adda. Ina sayen gishiri, mai tebur ya kunna, mutane na dariya. Bai san ni ba. Na ji sunan Inna a bakin Jules, da Faransanci." Ta murza ƙasa a yatsunta. "Yayana babba kwana biyu bai fita masallaci ba."

Na ce mata yana son ta, don gaskiya ne. Na ba ta labarin abincin da ba ya ci, da tsayuwar da yake yi a ƙofar ɗakinta, har da fentin.

"Na sani," ta ce. "Ni ma na faɗi nawa, ai sunan Allah ne, ba a ƙin faɗa. Ban dai tura wa kowa ba." Ta ɗago ta dube ni. "An ce mutum dubu ɗari biyar da wani abu ake nema. Adda, ki gaya mini tsakaninki da Allah. A cikinsu akwai shi? Ya faɗi nasa ɗayan?"

Na so in yi mata ƙarya. Na duba ko'ina a raina ban samu wadda za ta tsaya ba, sai na sunkuyar da kai.

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan makulli, ta sa mini a tafin hannu ta rufe da nata. Ta ce keken ɗinkinta in bar wa kaina, sauran kaya a raba wa mabukata, takardar sakinta kuma in ya ga dama ya aiko Jules da ita, ai ya san hanya. Sannan ta tashi ta karkaɗe zane, ta ce in jira ta a gida, tana so ta gama wannan layin kafin ƙasa ta sha iska.

Da la'asar ɗin washegari na iso Garwa. Na tarar da su a falo, zanen allin Madam yana nan a ƙasa don Hashim ya hana a goge. Modibbo na bayani. Ya ce ya duba, aiki ya tafi daidai har ya kusa cika, amma a wani wuri an samu mutum ɗaya da saƙo ya biyo ta kansa bai faɗa ba, kuma kowa ya san sharaɗi, in ya rage ko ɗaya aiki ya karye. Karo na farko ke nan da na ji Modibbo Hamadu ya faɗi gaskiya, shi ma bai san ya faɗa ba.

Hashim ya fusata. Ya ce wane marar imani ne wannan, kalma biyu ta gagare shi. Ya ce in ya gano ko waye, sai ya yi shari'a da shi.

Na ajiye makullin a kan tebur a gabansa, kusa da na mota.

Ya gane shi nan take, don akwai ɗan jan zare da ta ɗaura masa tun tana amarya. Ya ɗauka ya juya shi a hannu, ya dube ni, na ce masa ta shuka. Ya daɗe yana kallon makullin, idonsa ya kawo ruwa. Na tuna lokacin da nake goya shi, tausayinsa ya kama ni har na manta da fushina. Ɗakin nata yana nan tsallaken tsakar gida, ana hango sabon fentin daga inda yake zaune. Ya yunƙura kamar zai tashi, har ya dafa hannun kujera.

Sai ya koma ya zauna, ya miƙa makullin gefe ba tare da ya waiwaya ba.

"Jules," ya ce, muryarsa a dishe. "Je ka buɗe ka gani, ka zo ka gaya mini."